Ruwan Bata a Wasai Yake Kwana

Ruwan saman da ya sauka a kan kwanon shagunan Bata, a cikin Kano, ba ya daɗewa a wurin. Yana zubowa ta indararo ya wanke bakin titi, ya ɗebi ledar fiya wata da ɓawon rake da baƙin man da mai gyaran janareta ya tsiyayar da safe, ya faɗa lambatu. Daga nan ya bi gangare ta ƙarƙashin kwalbatocin Fagge da Sabon Gari har ya tarar da rafin Jakara. Ita kuwa Jakara ba ta tsayawa sai Wasai, a ƙaramar hukumar Minjibir, inda aka datse ta a 1976 aka sami tafkin da wasu ke kira dam ɗin Jakara, wasu dam ɗin Wasai. Mai sayar da takalma ko cajar waya a ƙarƙashin gadar sama ta Bata, ko da bai taɓa taka Minjibir ba, yana da hannu a launin ruwan tafkin nan da ɗanɗanon kifinsa.

Saboda haka duk mai son gyaran tafkin Wasai, daga cikin gari zai faro. A cikin garin kuwa akwai mutanen da suka ci a jinjina musu, kuma ba a cika yi ba.

Na farkonsu shi ne mai yashe lambatu. A watan Mayu ko farkon Yuni, kafin damina ta kankama, za ka gan shi a gefen titin Murtala Muhammad ko a lungunan Fagge ya nannaɗe wando ya shiga kwata har gwiwa, wani da takalmin roba, wani ƙafa ba komai. Abokansa su haɗu su ciccibi sulab ɗin kankare su jingine, shi kuma ya sa shebur yana fito da abin da unguwa ta yi rani guda tana zubawa: baƙin dagwalo mai kauri, ledoji a murɗe da juna, robobin lemo, ƙyallen tela, takalmi wari guda, famfas ɗin yara, wani lokaci har da mushen kaza. Warin kaɗai ya isa ya tsallakar da mai wucewa zuwa ɗaya hannun titi. Wasu daga cikinsu ma'aikatan hukumar kwashe shara ta REMASAB ne, wasu 'yan ƙungiyoyin taimakon kai da kai ne na unguwa, wasu kuma leburori ne da 'yan layi ɗaya a kasuwa suka yi karo-karo suka ɗauko. Abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, wani ma "Allah ya saka da alheri" ce kaɗai ladansa. Sannunku da aiki, bayin Allah. Kowane baro na leda da kuka fitar daga lambatun Bata, baro ne da bai je ya shaƙe kwalbatin Gama ba, bai kuma je ya naɗe komar masunci a Wasai ba.

Haka matan da ke share titi tun kafin a buɗe shaguna, da yaran bola jari masu buhu a kafaɗa, waɗanda ake kora ana yi musu kallon ɓarayi, alhali robar da suke tsincewa da ba don su ba rafi za ta nufa.

Sai dai kowa ya san abin da ke biyo bayan yashewar. A jibge dagwalon a bakin lambatun, wai sai ya tsane mota ta zo ta kwashe. Motar ta yi kwanaki shiru. Akuya ta tona, adaidaita sahu ta bi ta kai, hadari ya haɗo daga gabas, kafin magariba duk abin ya koma inda aka fito da shi. An yi ba a yi ba ke nan, kuma laifin ba na mai shebur ba ne.

Jakara ba kwata aka halicce ta ba. Kundin tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta tun zamanin Barbushe da mutanen Dala: baƙin ruwa ne a tsakiyar kurmi, wurin da ake shakkarsa, ba a sarar itacensa. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwar Kurmi a gefenta, tun daga nan kuma rayuwarta ta ɗauru da ta kasuwa. Kada dai mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Hugh Clapperton da ya shigo Kano a 1824, da Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim ya iso a 1851, dukansu sun ba da labarin fadamar da ta ratsa birni, kuma ba yabon tsabtarta suka yi ba. Mahauta da majema da marina sun daɗe suna zuba mata. Amma dattin wancan zamani mai ruɓewa ne. Majemi da bagaruwa da toka da kashin tattabara yake aiki, marini da baba da toka. Abin da aka zuba, rana da ƙasa da ciyawar fadama suna iya cinye shi. Ga kududdufai birjik, waɗanda aka haƙa don ɗibar ƙasar gini da ta ganuwa, suna riƙe ruwan sama su tsiyayar da shi a hankali cikin ƙasa, rijiyoyin gidaje su samu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ba da daɗewa ba aka yanka Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Fagge, tsohon zangon fatake da Azbinawa, ta cika ta batse. Kantunan Turawa da na Kwara suka jeru, ciki har da kantin takalman Bata da wurin ya gaji sunansa. Aka gina abbatuwa kusa da bakin Jakara. Aka buɗe rukunin masana'antu na Bompai, wanda ruwansa ke bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara a gaba. Kamfanonin jima na zamani suka ajiye bagaruwa suka ɗauki gishirin kuromiyam, mai jeme fata cikin ɗan lokaci kaɗan. Sai leda ta zo. Sai famfo da burtsatse suka yawaita, ruwan wanka da na wanki da na bayan gida ya riƙa kwarara shekara gaba ɗaya. Rafin da aka sani da jan jiki da rani ya koma mai gudu har a watan Maris, kuma duk wanda ya san Kano ya san ba ruwan sama ne ke gudu a cikinsa a watan Maris ba.

Kududdufan kuwa, ɗaya bayan ɗaya aka cike su da shara, aka bi da jar ƙasa, aka kafa fegi, aka tada shaguna. Ruwan da suke riƙewa ya rasa masauki, sai ya nemi titi da ɗakunan mutane. 'Yan Kantin Kwari ba za su manta da daminar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙe diloli na atamfa da shadda, kuma abin da 'yan kasuwar da kansu suka fi nuna wa yatsa shi ne gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa.

Jinjina ta biyu ta marigayi Audu Bako ce da injiniyoyin zamaninsa. Ya mulki tsohuwar jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ga farin da ya ƙone Sahel a farkon shekarun 1970, ya ɗaura ɗamarar tare ruwa duk inda ya ga kwari. Bagauda da Tiga nasa ne. Na Jakara an kammala shi bayan saukarsa da shekara ɗaya, amma daga wannan tunanin ya fito. Ƙauyukan da ke kewaye da Wasai suka sami noman rani, suka sami su, makiyayi ya sami mashaya. Mutumin da a da yake tafiya cin rani da zarar an gama girbi, ya sami dalilin zama a gida. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, Allah ya jiƙan waɗanda suka yi shi.

Amma wannan tafki ya bambanta da Tiga. Tiga tana tarar ruwan da ya gangaro daga duwatsu da dazukan kudancin jiha. Wasai tana tarar abin da birni ya wanke. Jini da tumbi da ruwan masai idan suka shiga ruwa, wajen ruɓewa suna shanye iskar da kifi ke numfashi da ita, su kuma zama taki ga gansakuka da kainuwa. Wannan ma da sauƙi, don idan an daina zubawa ruwa yana iya farfaɗowa. Wanda ba ya ruɓewa shi ne ƙarfe: kuromiyam na jima, dalma da kadmiyam na batir da fenti da baƙin mai. Da zarar rafi ya shiga tafki gudunsa ya mutu, sai waɗannan su kwanta a cikin laka. Tarwaɗa a lakar take kiwo. Shekarun da dam ɗin ya yi yana tara ruwa, daidai su ya yi yana tara wannan laka. Malaman Jami'ar Bayero da ɗalibansu sun daɗe suna ɗibar ruwa da ƙasa da ganye da kifi daga Getsi da Jakara da Wasai suna aunawa, sun kuma sha samun waɗannan ƙarafa fiye da ƙimar da aka yarda da ita, musamman a ɓangaren Getsi da abin da ke ƙasa da magaminsu. Su ma sun ci jinjina, ko da yake galibin abin da suka gano yana nan a kan kantar ɗakin karatu, manomin da abin ya shafa bai taɓa jin sa a rediyo da harshensa ba. Ga kuma tsagiya, wadda ta zama abokiyar zaman yaran da ke wanka a bakin tafkin.

Jinjina ta uku, wadda ta fi jawo musu a majalisun shayi, ita ce ta aikin rufe Jakara da Kwarin Gogau da shimfiɗa titi a kai, wanda mutanen gari ke kira titin Wuju-Wuju. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ce ta faro shi a wa'adinsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015. Aikin ya tsaya shekaru bayan nan, sannan Abba Kabir Yusuf, wanda shi ne kwamishinan ayyuka lokacin da aka fara, ya sake taso da maganarsa da ya zama gwamna a 2023. A ajiye jar hula da sauran hulunan siyasa a gefe. Wanda bai taɓa zama a gidan da bayansa ke kallon buɗaɗɗiyar Jakara ba, ba zai gane girman abin ba: warin da ke shiga har cikin tuwo, sauron da ba ya jiran dare, yaron da ya zame a kan siririn katakon tsallakawa, katangar ƙasa da ke zubewa cikin rafi a watan Agusta, duhun kwarin da ya zama maɓoyar 'yan daba. Duk gwamnatin da ta sa kuɗi don ta raba talakan cikin birni da wannan, yabonta ya zama dole, haka duk wadda ta ɗora daga inda wata ta tsaya maimakon ta bar ƙarafa suna tsatsa don ba ita ta faro ba.

To, amma da sauran rina a kaba. Rufe rafi ba ya tsabtace ruwansa. Share ɗaki ne a tura sharar ƙarƙashin gado: baƙo ya shigo ya yaba, amma tana nan. Abin da ke shiga Jakara daga makwararan gidaje kafin a rufe, shi ne yake shiga bayan an rufe, kuma shi ne zai fito a ɗaya bakin. Har ma akwai sabuwar damuwa. Ruwa a cikin kankare ya fi gudu, ba ya nutsewa a ƙasa, ba ciyawar da za ta rage masa ƙarfi, don haka ambaliyar da aka ɗauke wa na sama tana iya isa ga na ƙasa da sauri fiye da da. Rufaffiyar hanyar ruwa kuma idan ta toshe, ba aikin mai shebur ba ne. Sai an bar ƙofofin shiga, an sa ragar ƙarfe mai tare shara a mashigai, an ware kuɗin yashewa a kasafin kowace shekara, an kuma hana ɓarayin murfi sakat.

Birnin Siyol na Koriya ta Kudu ya bi wannan hanya kafin mu. Sun fara rufe rafin Cheonggyecheon da kankare a 1958, suka ɗora masa gadar sama da aka gama a 1976, shekarar da muka datse Jakara. A 2003 suka rushe gadar, a 2005 suka sake buɗe rafin, ruwan datti kuma yana bin hanyarsa daban a gefe. Ba cewa nake a je a fasa Wuju-Wuju ba, aljihunmu da nasu ba ɗaya ba ne, kuma mazauna bakin Jakara sun sha wuyar da ta isa. Abin ɗauka shi ne raba ruwan sama da ruwan datti, wanda mu har yanzu makwarara ɗaya muke haɗa su.

A ƙasa da gari, daga Kwakwaci zuwa gefen titin filin jirgi da kwarin Gama, akwai 'yan lambu. Da sanyin safiyar hunturu za ka tarar da ɗan ƙaramin injin ban ruwa yana ƙugi a bakin rafi, an ɗaure bakin tiyo da tsohon gidan sauro don kada leda ta shige, baƙin ruwa mai kumfa yana bin fangali yana shiga gindin latas da alayyahu da karas da kabeji. Ganyen kuwa kore shar, don ruwan da takinsa yake zuwa. Kafin hantsi an cire, an ɗauraye a ruwan da ke kusa, an ɗaure a buhu, an yi 'Yankaba da 'Yankura da kasuwar Sabon Gari da shi. Da azahar yana kan farantin shinkafa da wake a rumfar mai abinci a Bata, an yanka masa tumatir da albasa an barbaɗa ƙuli. Wanda ya zuba baƙin mai a lambatu da wanda ya ce "a ƙara min salak" sau da yawa mutum ɗaya ne.

Lokaci-lokaci akan ji wani ya ce a kori 'yan lambun. Wannan rashin adalci ne. Ba su suka ɓata ruwan ba, iyayensu ma a nan suka yi lambu da jigo. Suna ciyar da gari, suna riƙe da ɗan sauran kore da ya rage a bakin rafin, kuma ranar da aka tashe su fulotai ne za su maye gurbin latas ɗin. A gyara musu ruwan shi ne magana.

Gyaran kuwa a Getsi zai fara, don gubar da ba ta ruɓewa daga can ta fi fitowa. Doka ta riga ta ce kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi, kuma tun 2007 akwai hukumar NESREA ta tarayya da aka kafa don ta tabbatar da irin wannan, ga ma'aikatar muhalli ta jiha. Kuromiyam abu ne da ake iya tsamowa daga ruwan jima a sake amfani da shi, har ma kamfani ya rage kuɗin saye. Abin da ya rage shi ne mai dubawa ya je da dare ma, ba da rana kaɗai ba, a kuma riƙa buga sakamakon awon ruwan Getsi da Jakara da Wasai a fili, wata-wata, da Hausa da Turanci. Jini da tumbin abbatuwa dukiya ne idan an tara su, taki ne da abincin kaji da iskar gas ta girki. Masu kwasar masai, na mota da 'yan gidan kowa da akwai, suna bukatar wurin zubarwa da hukuma ta tanada kuma kusa, don idan babu, kowa ya san inda ake juyewa cikin dare. Kududdufan da suka rage a yi musu iyaka a rubuce, a ɗauke su a matsayin kayan aikin hana ambaliya. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021 da dala miliyan 700 don jihohin arewa 19 da Abuja, an gina shi ne a kan gyaran yankunan magudanan ruwa, kuma da wuya a sami magudanar da ta fi Jakara yawan mutanen da ke rayuwa a kanta a jihar nan.

Mu ma na bakin kasuwa da namu kason. Akwai ɗabi'ar nan ta jiran hadari: da an fara yayyafi, sai ka ga yaron shago ya fito da kwandon shara ya juye a kwata. Ka yi magana a ce maka, "Ai ruwa zai tafi da shi, Alhaji." Zai tafi da shi, gaskiya ne, amma zuwa ina? Akwai mai shagon da ya zuba kankare ya like lambatun gabansa don ya ƙara tebur biyu, ranar yashewa a rasa ta inda za a shiga. Akwai bakanike da mai janareta da jarka ɗaya za ta ishe su tara baƙin mai, wanda ma akwai masu sayensa. Shugabannin layuka da ke iya tara kuɗin maigadi da na wuta ba tare da fashi ba, za su iya tara na shara. Limaman Fagge da fastocin Sabon Gari kuma suna da jama'ar da ba wata hukuma da ke tara irinta a kowane mako, kuma lambatu ɗaya ne ke bin bayan masallacin da cocin.

Babban aikin da ya rage shi ne wurin tace ruwan kafin ya shiga Wasai, kuma ba dole sai injuna masu cin wutar da ba mu da ita ba. A gabashin birnin Kalkata na Indiya akwai fadama mai faɗin hekta 12,500, wadda aka sa cikin jerin Ramsar na muhimman fadamomin duniya a 2002. Ruwan dattin birnin yana bi ta jerin tafkuna marasa zurfi, ya kwanta, rana da gansakuka su yi aikinsu, sannan a yi kiwon kifi da lambu da shi. Saboda gurɓatar da ruwan majema ke jawowa, Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarni a 1996 a tashi majemun zuwa matsuguni na daban mai wurin tacewa. Rana dai ba su fi mu ba. Abin da irin wannan tsari ke ci shi ne fili, fili mai yawa, a kwari, a gefen rafi, tsakanin magamin Getsi da Jakara da bakin tafkin Wasai. Ko ba a da kuɗin haƙa tafkunan bana, ana iya auna filin, a biya masu gonaki diyyarsu cikin mutunci, a bar su su ci gaba da noma kafin lokacin aiki, a fitar da shi a taswira a hana gini. Wannan aikin hukumar tsara birni ta KNUPDA ne da ma'aikatar ƙasa, ba ya jiran rancen kowa, kuma ba ya son jinkiri, don gari ya riga ya cinye Jaba da Gayawa, dillalan fili kuma suna gaba da shi da fegi a bayan babur.